Reshen da Kinue Ta Zo da Shi

Kinue ta zo garin Shimoda amarya daga tsibirin Miyake, da akwati ɗaya da reshen wani itacen fure mai suna ajisai naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ta dasa shi a bayan gida, inda ranar safe ke taɓawa amma ta yamma ba ta isa. Irin na bakin teku ne: tsakiyar furen ƙananan ƙwayoyi shuɗaye, manyan furanni kuma sun zagaye su ta gefe kawai.

Mijinta Tokuji, masunci, bai taɓa ƙaunar itacen ba.

"Wannan ne fure? Gefe ya buɗe, tsakiya ta ƙi. Rabin aiki, kamar mai shi."

Ta haifa masa 'ya ɗaya, Michiyo, ta yi ta shanyar kifi har fatar hannunta ta tsattsage. In zafi ya tsananta takan ba itacen ruwa kafin ta ɗora tukunya. Damina na ɗaukewa sai ta datse furannin da suka gama, gaɓa biyu ƙasa. Daga nan ba ta barin almakashi ya kusance shi, domin furen baɗi a jikin rassan bana yake kwana. Kowace shekara sai ta faɗi haka, har Tokuji kan kwaikwayi muryarta in ya sha giyar shinkafa.

Ta haura saba'in lokacin da ɓarin jikinta ya shanye, bakinta ya mutu. Michiyo ta zo daga Tokyo, ta jawo shimfiɗar uwar gaban ƙofar gilashi mai kallon itacen, ta koma. Likita bai ɓoye ba: zuciyar ta gaji, in ta ga damina mai zuwa ta yi ƙoƙari. Kinue ta ji shi. Ganye ya zube, tana kwance tana kallon tohon da ke kumbura a kan rassa. Fure ɗaya take so ta ƙara gani.

Ranar da ake share gida a ƙarshen shekara, Tokuji ya fito da zarto. Ta shiga bubbuga tabarma da hannun da ke motsi. Ya zuge ƙofar.

"Mene ne kuma, tsohuwa? Magana za ki yi? To yi, ina ji." Ya kara tafin hannu a kunne. "Shiru? Kin yarda ke nan."

Ya bi rassan ɗaya bayan ɗaya, bai bar abin da ya wuce idon sawu ba. Maƙwabciyarsu Setsuko ta leƙo ta kan shinge.

"Haba, baban Michiyo! Ai ka kashe furen baɗi!"

"Au, haka ne?" Idonsa na kan ƙofar gilashin. "Ba wanda ya taɓa gaya mini."

Damina ta zo, itacen ya fid da ganye manya, kore shar, babu fure ko ɗaya. Kinue ta duba shi kowace safiya har ruwa ya ɗauke. Daga nan ta juya fuskarta bango. Ba ta kai lokacin sanyi ba ta rasu.

Shekarar da ta biyo, ajisai ya yi furen da bai taɓa yi ba, har masu wucewa na tsayawa ɗaukar hoto. Tokuji kan fito ya tsaya a gefensa, hannu a ƙugu.

"Hannun namiji yake jira," yakan ce musu.