Gorar kaɗa gawo

Ɗazu na ga jikata tana zuba wa akuya 'ya'yan gawo, sai na tuna shekarun fari a Bande, ina sabuwar amarya.

Akuya ɗaya gare ni, wadda inna ta ba ni, ga ciyawa ta ƙare. Ina cikin kaɗa mata gawo mai tsaron daji ya ƙwace gorata, wai an hana taɓa itacen.

Ran kasuwa depitenmu, wato ɗan majalisarmu, ya zo, ya zauna kan tabarma yana sauraron jama'a. Na cije, na kai kuka. Ya sa aka kira mutumin.

"Mu a majalisa sara muka hana. Wa ya hana kaɗawa?"

"Daga biro, ofishinmu, aka ƙara, ranka ya daɗe."

"To biro bai fi majalisa ba. Mayar wa 'yata gorarta."

Da muka je gindin gawon, wallahi depiten da hannunsa ya fara kaɗa mini, 'ya'yan gawo na zubo masa a hula!

Akuyar da ke cin gawo yau, jinin waccan ce.

Ku fa, yaushe rabonku da ganin depite kan tabarma?