Tukur da Bandar Umara

Duk Gafasa an san Tukur da abu biyu, iya noman gero da ƙin kifi. Bafulatani ne, kuma tun tasowarsa yake cewa dabbar da ba ta kiwo ba ta ba da nono ba za ta shiga bakinsa ba. Maƙwabcinsa Umara kuwa Babarbare ne, sana'arsa sayar da bandar kifi. Ka dai san wasan Fulani da Barebari. Kullum Tukur ya zo wuce rumfar Umara sai ya toshe hanci, ya tambayi bawan nasa yaushe zai daina ƙarni. A haka suka yi furfura, kuma ni a ganina Tukur ko shanunsa ba ya ji da su kamar wannan gorin.

Bana sai jiki ya ƙi. Ga kasala, ga jin sanyi ana tsakar zafi, wuya kuma ya ɗan tasa. A asibiti likita ta ba shi magani, ta ce ya riƙa haɗawa da kifi, don akwai wani sinadari a cikinsa, siliniyam, da maƙogwaron nasa yake buƙata. Tukur ya tambaya ko kindirmo ba zai wadatar ba. Ta ce ya sha kindirmonsa, amma ita kifi ta ce.

Matarsa Hajara ta tuna masa ga Umara nan, katanga ɗaya. Ya ce gara cutar. Ranar kasuwa ya hau babur har Gaya, ya rufe fuska da rawani, ya shiga layin 'yan kifi yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai sayen kayan sata, ya sayi ƙunshi ɗaya ya cusa a aljihu. Abin da ya manta shi ne, 'yan kifin nan tare suke sari da Umara. Kafin ya kamo hanyar gida an riga an buga wa Umara waya.

Ya tarar da Umara zaune a ƙofar gidansa da kwano a rufe. Tukur ya sauka ya tsaya, ƙunshin da ke aljihunsa yana tona masa asiri, yana jiran gori. Wallahi ya ba ni tausayi.

Umara ya buɗe kwanon, miyar banda ce tana tururi. Ya ce, "Zauna ka ci, bawana. Na aljihunka ma ragowa suka ba ka. In ka mutu, wa zan samu in zaga?"

Tukur ya zauna. Yana ci yana cewa ba daɗi, har ya suɗe kwanon.