Ruwan da Ban Sa a Jadawali Ba

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tsaya wa gine-ginen mutane tsakanin Funtuwa da Malumfashi, kuma babu ko ɗaya da ke ɗauke da sa hannuna. Ni ne mai awo, ni ne mai faɗa da direbobin tifa, ni rana take gasawa. In an gama sai injiniya mai lasisi ya taso daga Kaduna a mota mai sanyi, ya zagaya sau ɗaya, ya sa hannu ya koma. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Takarda ɗaya ce ta raba ni da shi, shaidar ƙwarewa a tafiyar da aikin gini, wadda sai ka ci jarrabawa ake ba ka.

Sau ɗaya ake jarrabawar a shekara, kuma rajistar mutum shekara uku take yi. Karo na farko na faɗi, faɗuwa mai kyau kuwa. Karo na biyu mahaifiyata tana kwance a asibiti, ban je ba. Saura ɗaya. In ta wuce ni, sai na koma na sake kwas daga farko, tare da yaran da na haifa ko na kusa haifa.

A shekarar nan ina kan ginin makaranta mai hawa ɗaya a kusa da Dayi, aikin wani Alhaji ɗan kwangila. Karatuna tsakanin sallar Asuba ne da fitowar rana. Matata, wadda take koyarwa a firamare, ta yanka kwali ta rubuta tambayoyi a kai, tana dama koko tana jefo mini su. In na yi in-ina sai ta ce, "Malam, ɗan aji uku ya fi ka saurin amsa." Ita ce ta sayo mini biro biyu masu kyau, ta ɗaure su da kyauro ta sa a aljihun jakata, ta ce kada in kuskura in rubuta lissafin bulo da su.

Babin da na fi ji da shi a littafin shi ne na tsara lokaci. Har na zana wa ginin namu jadawali a babban kwali, na manna a bangon sito. Kowane aiki da ranarsa: ɗaurin rodi, katakon kafinta, zuba dakin, wato kankaren rufin hawa na farko. Na sa zuba dakin ranar Laraba, jarrabawa ranar Asabar a Kaduna. Na bar kwana biyu rara, ina ta yaba kaina. A layin abubuwan da ka iya ɓata aiki har na rubuta ruwan sama, na sayi tamfol na lulluɓe siminti.

Shugaban maginanmu dattijo ne daga Bakori, Baba muke ce masa. Ya tsaya gaban kwalin ya daɗe yana kallo, ko da yake ba ya karanta boko.

"Injiniya," haka yake kirana in zai tsokane ni, "wannan takarda taka ta san watan da muke ciki kuwa?"

Na ce ta sani. Ya ce to madalla.

Ranar Talata da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, aka sheƙa ruwa har magariba. Siminti ko ɗigo bai taɓa shi ba, na yi ta murna da tamfol ɗina. Laraba da safe na iso wurin aiki, injin kwaɓa kankare da muka ɗauko haya daga Funtuwa yana nan, yashi da tsakuwa suna nan, kwanonin sarki a jere. Cikin leburori arba'in da na yi magana da su, uku suka zo. Su ma biyu sun zo ne su ba ni haƙuri, sungumi a kafaɗa.

Ruwan shuka ne ya sauka. Ni ɗan manomi, wanda aka yaye shi a kan kunyar masara, na zauna na tsara aiki na manta cewa a ƙasarmu lebura manomi ne da rani ya ba ka aro. Ranar da ƙasa ta jiƙa, ko za ka ba shi duniya ba zai bar gonarsa ba, don danshi ba ya jiran kowa. Kunya ta kama ni fiye da haushi. Na kare siminti daga ruwa, ruwan ya kwashe mini mutane.

Na bi su gona-gona a kan babur. Duk wanda na samu a sunkuye yake, yana jefa iri yana takewa da diddige. Amsarsu ɗaya ce: Asabar. Kafin nan sun gama masara. Na roƙi Juma'a, suka ce Malam ka yi haƙuri. Na ce to Litinin. Mai injin ya ce ranar Lahadi injinsa zai tafi Musawa, sai bayan mako uku. Kafinta kuma ya nuna mini sandunan da suka tokare katako, ƙasa ta yi laushi har wasu sun fara nutsewa. Wani ruwan in ya zo, sai mun kwance komai.

Na kira Alhaji. Ya ce, "Ai kai ne mai jadawali. Ka yi yadda ka ga ya dace, amma kada ginina ya kwana uku a haka." Na kira injiniyan Kaduna ko zai zo ya tsaya mini yini ɗaya. Ya ce yana da ɗaurin aure.

Gaba kura, baya sayaki.

Baba ya same ni a bakin sito ranar Alhamis. Ya ce, "Tahi ka yi jarrabawarka, ɗana. Tun ba a haife ka ba nake zuba dakin." Gaskiya ya faɗa, kuma na san don Allah ya faɗa. Amma na san wani abin kuma. Zuba dakin in an fara ba a tsayawa sai an gama, kuma idan rana ta take, masu ɗaukar kwano sukan roƙi mai injin ya ƙara ruwa a kwaɓin don ya yi sauƙin juyewa. Kankare mai ruwa da yawa kyau gare shi a ido, ƙarfi ne ba shi da shi. Baba mutum ne mai tausayi. Mutanen da suka yi kwana uku a sunkuye a gona, ƙannensa ne da 'ya'yan abokansa, ba zai iya hana su ba. Ni kaɗai ne marar kunyar da ke tsayawa a bakin injin yana cewa a'a. Kuma a ƙarƙashin rufin nan yara za su zauna.

Ranar Juma'a matata ta goge mini kaftani ta rataye. Asabar da Asuba na sa tsohuwar rigar aiki. Ta dube ni, ta dubi kaftanin, ta tattara kwalayen tambayoyinta ta sa a ƙarƙashin tire. Ta ce, "Allah ya ba da lada." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ƙarfe goma, lokacin da ake raba takardu a Kaduna, ina tsaye a bakin inji na rungume bokitin awon ruwa. Sau huɗu aka roƙe ni a ƙara, sau huɗu na hana. Wani ya ce ni ba ni da imani. Ban musa masa ba, don a ranar nan na tsani kowa, har da kaina. Muka gama ana kiran la'asar. Baba ya shafa kankaren da bayan hannu ya ce wannan dakin zai ga jikokinmu.

Bayan mako huɗu aka cire katako. Rufin ya fito sumul, babu tsaga ko ɗaya. Injiniya ya zo daga Kaduna, ya ɗaga kai ya duba, ya ƙwanƙwasa ginshiƙi da makullin mota, ya ce aiki ya yi kyau. Ya shimfiɗa takardar kammala aiki a kan murfin motarsa, ya laluba aljihun gaba, ya laluba na gefe.

"Malam, ko kana da biro?"

Na buɗe jaka, na kwance kyauron, na miƙa masa ɗaya.