Gurasa Biyu a Ƙusa Ɗaya

Rubuta, Dilnoza. Yadda na faɗa haka za ki sa, kada ki gyara mini baki.

Ergash na layinmu a nan Kokand, mai koren ƙyauren nan, a jirgin ƙasa ya ƙarar da ƙuruciyarsa, yana raba wa fasinjoji shayi da zannuwan gado. Garuruwan da ya ratsa ba sa ƙirguwa, amma iyakarsa bakin tarago. Ya sauko ya miƙe ƙafa, jirgi ya yi kuka, ya koma ciki. Ɗa guda Allah ya ba shi, Botir, wanda ya tafi Rasha aikin gini. Ranar tafiyar, uwarsa ta miƙa masa gurasa ya gatsa, kamar yadda ake yi wa kowane matafiyi, aka rataye sauran a ƙusa don ragowar rabonsa ta jawo shi gida. Uwar ta rasu, gurasar ta bushe ta zama kamar katako, Botir bai zo ba. Yakan dai bugo waya da salla.

To, wani fasinja ya taɓa gaya wa Ergash cewa a ƙasarsu Mongoliya ko da tsakiyar bazara sai da bargo ake barci, kuma ciyawa ce shimfiɗe har inda ido ya gaji. Maganar nan ta zauna masa. Da zafin bana ya tsananta, har inabin tsakar gidansa ya fara yaushi, sai ya ce mako guda dai zai je ya gani da idonsa.

Yarinyar da ke sayar da tikitin jirgin sama ta dube shi ta saman tabarau.

"Mongoliya kuma? Mutane Dubai suke zuwa, ko Turkiyya. Kana da wani a can ne?"

"Ba ni da kowa."

"To, me za ka je yi?"

"Sanyi zan je ji, 'yata."

A wurin shan shayi ma bai tsira ba. Da suka ga ya sayo rigar fatar tunkiya ana tsakiyar zafi, wani ya kira shi da aka, wato yaya, ya ce, "Ergash-aka, in mata za ka nemo, a samo mai raƙuma." Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya ji daɗi ma, don an daɗe ba a yi zancensa ba.

Ya wanke tsohuwar jakarsa ta aiki, ya zuba ganyen shayi da ƙaramar buta, don ya ji an ce shayin can da gishiri ake sha. Ya bai wa inabi ruwa har ya kwanta. Da tafiya ta matso, ya sayo gurasa ya ɗora a kan ledar cin abinci, ya zauna. A nan ne abin ya faɗo masa. Wa zai miƙa masa? Mutum ba ya gatsa gurasarsa ya rataye da hannunsa, sai wanda zai jira shi. Ga kuma ta Botir. Gurasar da aka kulle a gidan da ba kowa, wa take kira?

Ya kira ɗan a waya, ana ta ƙarar inji a bayansa. Ota yake ce masa, wato baba.

"Ota, ka rufe gida ka yi tafiyarka. Mako guda ne fa."

"Taka fa? Wa zan bar wa?"

"Tawa wace?"

"Gurasarka."

Botir ya ce, "Au, har yanzu tana nan? Ka ba kaji mana. Ota, ana kirana, sai mun yi magana."

Ergash ya daɗe riƙe da wayar. Ya bi gidajen layin a zuci ɗaya bayan ɗaya. Ko'ina ana gaisawa da shi, amma bai ga gidan da za a riƙa duban hanya saboda shi ba. Har ya ciro tikitin zai mayar. Can dai ya sauke gurasar Botir, ya naɗe ta a ƙyalle tare da tasa, ya nufi wurin Sobir mai tanderu, wanda shekara da shekaru ba abin da ke haɗa su sai "ba ni ɗaya" da baƙar magana.

Sobir ya buɗe ƙyallen. "Ergash-aka, ni sayarwa nake, ba na karɓar wadda aka dawo da ita. Wannan kuma daga wane kabari ka tono ta? Ko jaki ya gwada ta sai ya bar haƙori."

"Ta Botir ce. Tafiya zan yi, gidan ba kowa."

Sobir ya goge hannu a gaban riga. Ya ture wadda Ergash ya sayo gefe ya ce ta huce, ya zura hannu a tanderu ya ɓamɓaro mai zafi. Ya miƙa masa da hannu biyu.

"Gatsa. A hankali, kada ka bar mini haƙoranka a ciki. Nawa ma suka rage?"

Ergash ya gatsa, ta ƙona masa baki, bai nuna ba. Sobir ya taka buhun fulawa ya rataye su biyun a ƙusa ɗaya, can sama inda ɓera ba ya kaiwa.

"Mako guda na ba ka. In ka wuce, tattabaru zan ba."

Ergash ya tafi, ya dawo. Ya ce sanyin gaskiya ne, ciyawar ma gaskiya ce, sai dai duk abin da ya gani ba wanda zai taɓa ya ce masa dubi. Da ya shigo layi da jakarsa, wani maƙwabci ya tare shi ya ce, "Jiya kamar ban gan ka a masallaci ba, lafiya?"

Bai shiga gida ba, wurin Sobir ya wuce.

"Ka ga mutumin Mongoliya. Ina matar, ina raƙuman?"

Sobir ya sauko da gurasar da Ergash ya gatsa, ya zuba masa shayi. Ergash ya riƙa tsomawa yana ci a tsaye, har ya cinye, ya tsince ɓurɓushin da ya zuba a rigarsa.

"Ta yaron ka bar ta nan," in ji Sobir. "Nan kullum da mutane."

"A'a. In ya zo, gida zai nufa."

Ya naɗe ta a ƙyallenta ya sa a hammata. Ya buɗe koren ƙyauren, ya tarar inabi bai mutu ba. Ya hure ƙurar da ke kan gurasar, ya mayar da ita ƙusarta, sannan ya ɗora ruwan shayi, na mutum ɗaya.