Amsar da Ban Ba Souley Ba

Ranar Talata, 9 ga Satumba 2025, bayan azahar, aka kashe Souley Badamagare a titin Canal Street, nan Amurka, gaban teburin da nake sayar da tabarau. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Souley, ni ne Shitu Bakano, wanda ya yi shekara shida bai amsa sallamarka ba.

Kai ka ja. Tun da ka tsinci tsohon littafin wani Ba'amurke mai ban dariya, ka ce marubucin ya mayar da maƙwabtansa abin dariya har ya yi suna, kai ma ka sami naka. Ni ban yi boko ba, ban san abin da ke ciki ba. Na dai san kowace Juma'a a masallacin Tremont kana da sabon labari, kuma ni ne wawan ciki. Wai na yi wa mutum-mutumin shago sallama, na yi fushi bai amsa ba. Ƙarya ce. Sau ɗaya ne, kuma ban yi fushi ba.

Kowa ya san Bakano da Badamagare abokan wasa ne, ba a fushi. Ni na yi. Na ɗauki ƙarfen lema na fasa maka baki a ƙofar masallaci, haƙori biyu a ƙasa, jini har kan rigarka. Dattawa suka ce na karya abin da kakanni suka ƙulla. Ka tofar da jinin ka ce, "Ku bar shi, yau Kano ta ci yaƙinta na farko." Da aka kwantar da ni asibiti, kai ke kawo fura, kana cewa matarka Rukaya ce ta aiko. Na san kai ne. Na sha, ban gode ba.

Ran Talatar, wani ƙato ya kifar da teburina, ya shaƙe ni, ya zaro wuƙa. Jama'a suka watse. Kai ka tsallako titi ka shiga tsakani. Sau uku ya soke ka, ina jin ƙarar. Na danne cikinka da hulata, jinin na ɓulɓulowa tsakanin yatsuna. Ka dube ni ka ce, "Bakano, ko gudu ba ka iya ba?"

Jira kake in rama. Na buɗe baki, girman kai ya riƙe ni, har idonka ya kafe.

To ga ta, a gaban kowa: Badamagare, ragon banza, wuƙa uku kacal ka kwanta? Tashi mana.

Na yafe labaran, har na mutum-mutumin. Haƙoranka kuma, ban san wa zan roƙa ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya karɓi shahadarka, Ya sanyaya makwancinka. Rukaya, da ke da yaranki Abubakar da Mariya, Allah Ya ba ku haƙuri. In kun yarda, zan zo gaisuwa.