Sawun Keken Mahfuzu Mai Burodi

Shekara ashirin da shida ina aikin titi a ƙarƙashin ofishin magajin gari, kuma sau ɗaya tak na ga takarda ta bi ƙafar mutane. Ina wurin, da bokitin fenti a hannuna. Wanda ya jawo haka mai tallan burodi ne, Yaya Mahfuzu, shi ya sa na zauna rubuta wannan, ni Brahim da rubutu bai dame ni ba.

A nan Garoua aka haife shi. Kakanninsa fataken goro ne da suka zo daga ƙasar Kano suka zauna. 'Yan uwansa duk masu shago ne, shi kuwa zaman shago bai karɓe shi ba. Da ƙuruciya ya yi ta kai sukari da ganyen shayi garin Pitowa a keke lokacin kakar auduga, daga baya ya koma burodi. Yau shekara talatin da huɗu ke nan yana ɗaure akwatin katako a bayan baƙin kekensa, ya zaga masu shayi da kantuna, sau biyu a yini. Ƙararrawar keken ta mutu tun tuni, fito yake yi da baki. Ya haura sittin, ƙirjinsa ya fara ba shi wahala. Zagayen rana ba ya iya shi sai yana tsayawa a inuwa yana maida numfashi.

Inuwar ita ce itatuwan darbejiya goma sha bakwai da ke jere a gefe ɗaya na titin da ya tashi daga unguwar Poumpoumré ya nufi kasuwa. A ɗaya gefen akwai tsohon daɓen siminti na masu tafiya a ƙasa, babu ko ganye a kansa.

Bara aka kawo sabon shiri: hanyar keke da ta masu ƙafa, mai faɗi, miƙaƙƙiya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, don na gaji da kwashe mutanen da moto, wato babur, ya buge. Wani kamfani daga kudu ya yi zanen. An kira taron unguwa ƙarfe tara na safe, aka yi shi da Faransanci. Waɗanda suka je, a mota da moto suka je. Masu keke da masu ƙafa suna can wurin neman abinci. Aka tafa, aka sa hannu. Zanen ya bi ta kan itatuwan nan tsaf.

Ranar Litinin aka ce in shafa wa kowace bishiya jan fenti, masu zarto za su zo Alhamis. Ina kan ta tara na ji fito a bayana.

“Na-gwamnati, kwalliyar salla ake yi musu?”

“Sara za a yi, Yaya. Hanyar keke za a yi muku.”

“Mu?” Ya sauke ƙafa ɗaya. “Ashe gata ne. To wa ya ce muna so a gasa mu?”

“Takarda ta ce.”

“Takardar ta taɓa hawa keke?”

Na ce ban sani ba, ni fenti aka ba ni. Ya daɗe yana kallon jeren itatuwan. Sannan ya ce in an sare su, shi zagayen rana ya ƙare masa, sai ya jingine keken. Bai roƙe ni komai ba, tambaya ɗaya ya yi: yaushe injiniyar aikin za ta zo. Na ce Laraba ƙarfe biyu, duban ƙarshe. Ya ce in ara masa tsintsiya biyu da baro.

Laraba muna fitowa daga sallar asuba na same shi ya riga ni. Ya share rairayin da ke ƙarƙashin itatuwa tas, tun daga bishiyar farko har ta ƙarshe, ya yi sumul kamar an tankaɗe gari. Sannan ya ce in taya shi mu barbaɗa yashi a kan tsohon daɓen da ke tsallake. Na tambaye shi ko bori zai yi. Ya ce in rufe baki in tura baro. Muka gama, ya hau kekensa ya tafi ɗauko burodi.

Madam Pascaline, injiniyar da ke kula da aikin, ta iso ƙarfe biyu daidai. Watan Afrilu ne, ana irin ranar da ke sa kwalta ta yi laushi. Mace ce mai zafin nama, ba ta son dogon zance, abin da ya sa muke shiri ke nan. Tana jin Fulatancin kasuwa, shi kuma Faransancinsa bai wuce gaisuwa ba, don haka inda suka maƙale ni nake fassarawa.

Bai ce mata kada a sare ba. Cewa ya yi, “Madam, zo ki ga baƙin da muka yi yau.”

Wallahi ni kaina sai da na yi mamaki. Rairayin nan da muka bari sumul ya cika da sawu, babu inda za ka sa tafin hannu. Ya durƙusa yana nuna mata da tsinke. Ga silifan mata masu kai kifi kasuwa, sawun ya nutse don da kaya a ka. Ga takalman 'yan makaranta. Ga taya uku, keken wani gurgu da ke gyaran rediyo. Ga sandar makaho, ɗigo-ɗigo a gefe. Ga tayoyin kekuna sun fi a ƙirga, duk sun kwanta a layi ɗaya, suna kewaya kowace bishiya ta ɓangaren da reshe ya fi nauyi.

“Wannan mai faci biyu nawa ne,” in ji shi. “Sau uku na wuce.”

Muka tsallaka titi. Yashin da ke kan daɓen yana nan yadda muka barbaɗa shi. Sawun kare ɗaya, shi ma rabin hanya ya sauka. Sai jan wutsiyar ƙadangare.

“Ko karen ya yi nadama,” in ji Mahfuzu.

Ta danne dariya. Ta ce, “Baba, mutane suna bin inda aka gina musu. In muka yi mai kyau za su bi.”

Na fassara. Ya dube ni. “Gaya mata wa ya zuba wannan simintin.”

Na ce ni ne, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, kuma mai kyau na zuba, har yau bai tsage ba.

Ta miƙa mini jakarta, ta hau daɓen ta taka shi a ƙasa har ƙarshe, ta tsallaka ta dawo ta ƙarƙashin itatuwa. Ta iso rigarta sharkaf. Mahfuzu ya ba ta ruwa daga gorar da ke rataye a kekensa, ta shanye rabi.

“Shef Brahim, akwai farar ƙasa a motarku?” Shef take ce mini, wato shugaba da Faransanci.

Akwai. Ta ce ya hau kekensa ya bi inda ya saba bi, a hankali, ni kuma in bi tayarsa ina zuba farar ƙasa. Haka muka yi, shi a gaba yana fito, ni a baya da gwangwani mai huji, ita tana ɗaukar hoto tana awo. Masu shayi suka fito kallo. Wata mai kifi ta ce, “Yau Mahfuzu ne injiniya, Allah ya sa a ba shi hula.” Na manta rabon da in ji ƙafafuna ba nauyi a wurin aiki irin na ranar.

Madam ta ce ba ta yi alkawari ba, akwai na sama da ita. Na san irin wannan maganar, na sha jin ta, don haka ban sa rai sosai ba.

Alhamis masu zarto suka iso da wuri, har sun zuba mai a inji. Mahfuzu yana tsaye da keke. Sai ga Madam a bayan moto, da takarda mai hatimi a hannu, an sauya zanen ya bi farar ƙasar nan. Biyu aka sare: ɗaya gara ta cinye cikinta, ɗaya tana tare wa direbobi gani a kwana. Goma sha biyar suna nan. Da hannuna na shafe jan fentin da fari, kuma ban taɓa jin daɗin ɓata aikin da na yi ba sai ranar.

Hanyar yanzu a karkace take, tana lanƙwasa a gindin kowace bishiya. Baƙo in ya gani sai ya ce magini ya sha wani abu. Amma je ka tsaya ƙarfe biyu ka ƙirga masu wucewa.

Mahfuzu kuwa har yau yana zagayensa biyu. Jiya ya tsaya inda nake gyaran kwalbati, na zaci yabo zai yi.

“Na-gwamnati, wajen bishiya ta shida kun bar tudu. Kullum sai burodina ya yi tsalle.”

Na ce saiwa ce, shi ya ce a bar ta.

“Ban ce a bar ta ta karya mini akwati ba.”

Gobe da safe zan je da tsakuwa in daidaita wurin.