Katin da Sodangi Ya Ajiye a Rudu

Sodangi ɗan gwaggota ne, taubashina, don haka duk abin da na faɗa a kansa halas ne, ba mai kai ni gaban alƙali. Manomin albasa ne a Dinawa, fadamarsa tana shan ruwan da ake sakowa daga madatsar Goronyo da rani. Ni kuwa tela ne a Wurno, kuma a shagona yake zubar da surutunsa duk ranar da ya shigo gari, ya sha mini shayi bai taɓa kawo sukari ba.

Abu ɗaya anka san shi da shi tun daga Rabah har Goronyo: bai taɓa sai da albasa a bakin gona ba. Lokacin cira, sa'ad da kowa ke rububin ɗura buhu don albasa ta yi yawa ta faɗi, shi sai ya kwashe tasa ya jera a rudu, rumfar nan ta itace da kara da ake lulluɓewa da ciyawa iska na ratsawa. Can za ta zauna har ƙarshen damina, ta yi wuya, ta yi tsada. Dillalai su zo su ce, "Sodangi, mota za ta tashi yau, in ta tashi shi ke nan." Ya yi hamma ya ce, "Allah shi kiyaye hanya." Gobe sai ga su sun dawo da motar da ta tashi jiya.

Ajiya a jininsu take. Zamanin da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga boko, makaranta ce ke zaɓen yaro, iyaye ba su da ta cewa. Da masu ɗaukar yara sunka iso Dinawa, uban Sodangi ya ɗaga shi ya jefa cikin rumbun gero ya rufe. Sai da sunka bar gari anka fiddo shi, fari fat da ƙaiƙayi, yana atishawa. Iyakar karatunsa na boko ke nan, kuma har gobe yana ba da labarin kamar wanda ya ci yaƙi.

To, sai zamani ya juya. Shekarar da autarsa Uwaliya ta gama firamare, wata ƙungiya ta zo da sabon tsari don 'yan mata: a ba uba kati mai hoton ɗiyarsa, ya kai duk makarantar da ransa ya so, ƙungiya ta biya kuɗin makaranta da littattafai. A ƙofar gidan mai gari anka raba. Matar da ta yi bayani ta faɗa, ta maimaita, ta kuma faɗa, cewa a kai katin kafin a buɗe makarantu, in an buɗe ya tashi aiki. Sodangi ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce, "Ka ji ta? Mota za ta tashi."

Uwaliya dai ta riga ta yi zaɓinta, ko da ba wanda ya tambaye ta. Makarantar Malam Lauwali take so, nan Wurno, inda ake haɗa boko da Islamiyya, don can ƙawarta Sauda za ta, kuma malamar asibiti take son zama. Ita da kanta ta zo shagona na auna ta, na ɗinka mata rigar makaranta da wando da hijabi, na rataye a ƙusa suna jiran ranar buɗewa.

Kafin nan masu makarantu sun gane cewa kowane kati abinci ne. Malam Lauwali ya hau babur har Dinawa da ƙullin goro. Hajiya Laraba, mai wata sabuwar makaranta a Goronyo, ta zo da mota, ta ce wa Sodangi "Alhaji", mutumin da ko filin jirgin Sakkwato bai taɓa gani ba. Kai, ranar nan hularsa ta kusa faɗuwa don karkacewa! Tun da uwarsa ta haife shi, shi ke bin mutane da gaisuwa, yau ga masu takalmi sau ciki suna durƙusa masa. Ya naɗe katin a leda, ya sa a gwangwanin madara, ya soke shi a rufin rudu, sama da albasa.

Matarsa Maiturare ta ce, "Malam, mi kaka jira? Yarinya ta ce ga inda taka so."

Ya ce, "Ke, mi kinka sani ga kasuwa? Lauwali ya ce goro, Laraba ta ce da mota za a riƙa ɗaukar ta. Bari su zafafa. Sai sun haɗa da keke."

Anka buɗe makarantu. Sauda ta riƙa wucewa da safe da jakarta, Uwaliya tana tsaye a zaure tana kallo. Na same shi na ce, "Taubashi, kai fa jaki ne, amma wanga karo ka wuce jaki. Fiddo katin nan!" Ya yi dariya har da buga cinya, wai yanzu kowa ya sai da nasa da arha, kati ɗaya ya rage a ƙasar Wurno duka, kuma a hannunsa yake. Wallahi na so in kwaɗa masa almakashi. Ranar kasuwa yarinyar takan leƙo shagona ta gaishe ni, idonta a kan ƙusar nan, ta juya ta tafi. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Daminar wannan shekarar ta yi ruwa kamar ba za a daina ba. Da Sodangi ya yaye ciyawar rudu a ƙarshenta, wari ya kori har awakin maƙwabta. Fiye da rabin albasar ta ruɓe, abin da ya tsira da ƙyar ya sai masu geron ci. Katin dai lafiyarsa lau. Sodangi ya sa babbar riga, ya ja ni rakiya, munka tafi wurin Malam Lauwali don a yi ciniki na ƙarshe.

Malam Lauwali ya karɓi katin da yatsu biyu, ya kau da hanci, ya miƙo masa. Ya ce, "Baba, wanga ai ya mutu tun ranar da munka buɗe. Ƙungiya ta rufe, ta ba wata yarinya gurbin. In kana son ɗiyarka ta shigo, sai dai ka biya kamar kowa." Sodangi ya murmusa, ya miƙe a hankali ya nufi ƙofa, yana jiran a ce masa dawo, yadda dillalai ke yi. Har munka kai bakin titi ba wanda ya kira shi. A Goronyo kuwa Hajiya Laraba ko fitowa ba ta yi ba, maigadi ya ce tana taro, kuma bai ce Alhaji ba.

Duk da haka bakinsa bai mutu ba. Ran nan, bayan wasu watanni, yana zaune a shagona yana zagin ƙungiya, da Lauwali, da wanda ya ƙirƙiro boko, sai ga Uwaliya ta shigo. Ta gaishe mu, ta sauke rigar daga ƙusa, ta kakkaɓe ƙura, ta kara a jikinta. Hannun rigar bai kai wuyan hannunta ba. Ta ce, "Kawu, ka ba wata. Ta yi mini kaɗan." Ta ninke ta ajiye a kan keken ɗinki, ta fita. Sodangi ya bi rigar da kallo, shayinsa ya huce bai sha ba.

Da albasar rani ta nuna, labari ya cika fadama cewa Sodangi na ɗura buhu a bakin gona. Dillalai sunka taru, wasu ba saye ya kawo su ba, kallo sunka zo. Sunka taya masa tayin wulakanci, irin wanda da can ko amsawa ba ya yi, ya ce, "Na sallama." Washegari ya kai wa Malam Lauwali kuɗin, ya kawo mini sabon yadi. Da anka koma zango na uku, shi ya goya Uwaliya a kan kekensa har ƙofar makaranta, ta shiga tana bayan Sauda a karatu, amma ta shiga.

A shekarar rudunsa ya tsaya wayam, kaji na kwana a ƙarƙashi, gwangwanin madarar nan na soke a rufi da mushen katin a ciki. Albasa kuwa ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Ban iya haƙuri ba, na ce, "Taubashi, ka ga abin da ka yi? Da ka ɗan jira, da yanzu kai ne Alhajin gaske."

Na zaci zai rama, don bai taɓa barin tawa ta kwana ba. Sai ya ɗauki rigar nan da ta yi kaɗan, wadda har lokacin take shagona, ya juya ta a hannunsa.

Ya ce, "Albasa ta jira. Uwaliya kam ta gama nata jiran."